Batirin Da Aka Shanya A Rana

Akwai wani mai aski a wata unguwa, wanda ya sha rantsewa cewa tun da uwarsa ta haife shi babu na'urar da ta taɓa gagararsa.

"Duk abin da yake da waya a jikinsa ɗana ne," in ji shi. "Kallo ɗaya zan yi masa, shi da kansa zai gaya mini inda yake masa ciwo."

Ana kiransa Injiniya. Ba kowa ya raɗa masa sunan ba, shi ya rubuta abinsa da jan fenti a saman madubin shagonsa. Da yake ba a musu da mutumin da ya ɗora maka reza a maƙogwaro, sunan ya zauna daram.

Shagon nasa ɗan ƙarami ne. Kujera ɗaya ce mai juyawa, ita ma hagu kawai take juyawa. Sai benci, sai madubi mai tsaga a kusurwa, sai wata fanka da ta daɗe da daina motsi. In aka tambaye shi abin da ya hana shi gyara ta, sai ya ce hutu ya ba ta.

A wannan shagon ne ya gyara injin jirgin sama da cokali. Wai suna can sama injin ya fara tari, matuƙin ya fito yana zufa yana tambaya ko akwai masani a cikin fasinjoji.

"Injiniya, wancan karon ai jirgin ruwa ka ce," wani ya ce daga kan benci.

"Wancan daban, wannan daban. Ka zauna ka ji labari ko ka zo ƙirga mini jirage?"

Gaskiyar magana, abu ɗaya ya iya gyarawa a duniya, injin askinsa. Shi ma gyaran bai wuce ya buga shi a tafin hannu har ya farka ba.

Amma kada ku ɗauka mutumin banza ne. Bakinsa ne kawai ya fi shi tsawo, zuciyarsa kuwa fara ce tas.

A ƙarshen layinsu akwai wani dattijo da ake kira Baba Mai Agogo. A zamaninsa gyaran agogo yake yi a bakin kasuwa, kuma an san shi da abu biyu: hannu mai natsuwa da baki marar kwana-kwana. In ka kawo masa ƙarya, kafin ka rufe baki ya mayar maka da kayarka. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da hannunsa na dama, ya tafi da maganarsa. Ido da hannun hagu kawai suka rage masa.

Da farko masu dubiya kamar su karya ƙofa. A hankali ƙafa ta ɗauke. Wanda bai taɓa fasawa ba shi ne Injiniya. Duk mako yakan rufe shago da wuri, ya rataya jakar kayan aski, ya je ya gyara wa tsohon fuska ya rage masa suma, bai taɓa karɓar komai ba. Yana aski yana zuba. Ya samu abin da ya daɗe yana nema a rayuwa, mai sauraron da ba zai katse shi ba.

Shi kuwa tsohon, in ƙarya ta kai ƙarya, sai kafaɗarsa ta hagu ta kama rawa, hawaye na gangarowa. Dariyarsa ke nan.

'Yar tsohon guda ce, yaran unguwa suna kiranta Anti. Ita ke jinyarsa, kuma tana aiki a sashen kwamfuta na wani ofis. Duk ranar aski takan tsaya a bakin ƙofa ta kalli kafaɗar mahaifinta tana rawa, ta juya ta koma kicin.

To, Injiniya yana da 'ya, ƙaramarsu, kowa Auta yake ce mata. Ta gama karatu ta daɗe a gida tana neman aiki, har takalminta ya gaji. Rannan sai wani kamfani ya kira ta. Za a yi mata gwaji da ganawa ta intanet, a kwamfuta, kyamara a kunne daga farko har ƙarshe. Sun ce waya ba za ta yi ba, shagon intanet mai hayaniya ba zai yi ba. Kuma duk wanda hotonsa ya yanke ana tsaka da gwaji, ya fita ke nan, sai wata shekara.

Gidan babu kwamfuta. Unguwar kuma wutarta irin mai zuwa gaisuwa ce, ta leƙo ta ce sannunku ta wuce.

Maman Auta ta haɗa ɗan abin da ta tara daga sayar da ƙanƙara, Injiniya ya haɗa nasa. Sabuwa dai ba a ma yi maganarta ba. Ta hannu za a nema, laftop mai sauƙin kuɗi.

"Baban Auta," matar ta ce, "da ka roƙi Anti ta raka ku kasuwa. Aikinta ne fa."

Injiniya ya ajiye kofin shayi a hankali, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Ni? A raka ni? Yarinyar da na yi wa askin farko tana tsala ihu? Maman Auta, kin san da wa kike aure kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa na faɗa."

Bai ji wannan ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ya saka rigarsa mai aljihu a ƙirji, ya soke biro biyu da abin gwada wuta wanda fitilarsa ta mutu tuntuni, ya ce wa Auta ta taso ta ga aiki.

Layin masu kwamfutocin hannu a kasuwa cunkus yake. Tebur kan tebur, wayoyi sun sarƙe kamar taliya, kowa na kiran kowa. Injiniya ya wuce shaguna masu gilashi yana taɓe baki, wai gilashin ake sayar wa mutum. Ya tsaya gaban wani saurayi mai ɗan tebur a lungu, wanda ya kalli biron aljihunsa sau ɗaya ya gane abincin rana ya iso.

"Ranka ya daɗe, daga ganinka ba sai an yi maka bayani ba."

"Ka ji yaro mai ido," in ji Injiniya. "Fito da mai kyau."

Saurayin ya buɗe wata baƙar laftop, allonta ya haska fes. Injiniya ya fara gwaji. Ya ɗaga ta ya auna nauyinta a hannu. Ya ƙwanƙwasa murfin da yatsa ya kara kunne, kamar mai zaɓen kankana. Ya kai hanci wajen ramukan iska ya shaƙa sosai, ya lumshe ido.

"Wannan ba ta sha wahala ba. Ofis ta zauna, cikin sanyi. Mai ita ma mutum ne mai haƙuri."

"Wallahi kamar kana wurin," in ji saurayin.

Auta ta lura da wata baƙar waya da ta fito daga gefen kwamfutar ta sulale ƙarƙashin tebur.

"Baba, a cire cajar mu ga ko tana riƙe wuta."

Saurayin ya fara sosa ƙeya. Da Injiniya ya kalle shi a lokacin, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma 'yarsa ya kalla.

"Ke Auta, manya na magana. Ba ki ga alamar batir a cike take ba? Ko kin fi allon sani?"

Aka yi ciniki. Injiniya ya taya, saurayin ya yi kamar zai yi kuka, ya sallama, har ya ƙara musu jaka kyauta. Duk hanyar gida Injiniya na ba da labarin yadda ya murɗe yaro. Kafin su iso ƙofar gida, yaron ya riga ya durƙusa yana roƙon a ɗauke shi almajirin sana'a.

A falo aka jona ta. Maƙwabta suka leƙo. Auta ta buɗe kyamara ta ga fuskarta, ta yi murmushin da aka daɗe ba a gani ba.

Sai aka ɗauke wuta.

Fankar sama ba ta gama tsayawa ba allon ya yi baƙi ƙirin.

"Baƙunta ce," in ji Injiniya. "Ba ta saba da gidan ba."

Da wuta ta dawo aka bar ta a caji har alamar ta nuna ta cika. Aka zare waya. Maman Auta ta ɗora ruwan shayi a lokacin, ruwan ko ɗumi bai yi ba kwamfutar ta sake mutuwa.

"Baban Auta, a kira Anti."

"A kira ta ta yi me? Batir ne ya yi sanyi. Wannan ai ciwon da na sani ne tun ina yaro."

Nan fa ya tuna rediyon mahaifinsa. A wancan zamanin in batir ya yi rauni, sai a ɗora shi kan kwanon rufi ya sha rana, a ɗan cije shi da haƙori, a mayar, rediyo ya ci gaba da magana. Batir kuwa batir ne, in ji Injiniya, ko na rediyo ko na jirgin sama.

Matsalar ita ce na wannan kwamfutar a ciki yake, an ɗaure shi da wasu ƙananan ƙusoshi da duk sukundirebobin gidan suka yi musu girma. Amma wannan bai dami masani ba. Ya jingina tsani, ya hau, ya shimfiɗa kwamfutar gaba ɗayanta a kan kwanon rufi, da tsakar rana.

Maman Auta ta fito da kwando a hannu ta ɗaga kai.

"Baban Auta, kwamfuta ce ko barkono?"

"Ki bar ilimi ya yi aikinsa."

Da la'asar sai da ya sa tsumma ya sauko da ita, don hannu ba ya taɓuwa. Ya ce to yanzu kuma zazzaɓi ya kama ta, a buɗe masa firiza ta ɗan huce. A nan ne Maman Auta ta tsaya gaban firizarta da ludayi a hannu.

"Rufin naka ne, hau ka yi ta yi. Wannan kuwa tawa ce. Ka matso ka gani."

Bai matso ba.

Washegari ya sake shanya ta. Da ya ga ba ta warke ba, ya ce maganin bai kai ba ne, ya ƙara mata wata ranar.

Sai kwamfuta ta fara ciki. Wurin da ake goga yatsa ya ɗago sama, madannai suka yi tudu a tsakiya, murfin ya ƙi rufuwa, ya bar baki a buɗe kamar mai shirin tambaya. In an jona ta ƙasanta ya yi zafi, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce.

"Ƙoshi ne," in ji Injiniya. "Caji ya cika mata ciki. Kun taɓa ganin wanda ya ƙoshi bai kumbura ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma muryarsa ba ta fita da ƙarfinta na kullum ba.

Ana gobe ganawa, da safe, ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin Auta. Rigar da ta goge tun ranar da aka kira ta, wadda ta rataye a bayan ƙofa ta hana kowa taɓawa, ya ga ta sauke ta tana ninkewa. Ta buɗe akwati ta saka ta can ƙasa.

Ta ɗago ta gan shi. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ba komai, Baba. Ka yi iya ƙoƙarinka. Allah ya kai mu wata shekarar."

Injiniya ya buɗe baki. Karo na farko a tarihin unguwar, babu abin da ya fito.

Ya cusa kwamfutar a jaka ya nufi kasuwa. Saurayin na nan a lungunsa, ya tarbe shi da fara'a har kunne. Da ya ga abin da aka zaro daga jaka sai ya ja da baya.

"Ranka ya daɗe, me ka ba ta ta ci?"

"Batirinka mataccen ne. Ka cuce ni."

"Ni? A gabana ka gwada ta. Ka auna, ka ƙwanƙwasa, har ka sansana. Ina ni ina sayar wa injiniya abu marar kyau? Kuma wannan cikin ba daga teburina ta fita da shi ba. Don Allah matsar da ita daga kusa da kayana."

Maƙwabtan tebur suka fara taruwa suna leƙe. Wani ya tambaya wata nawa ne cikin. Injiniya ya mayar da kayarsa jaka ya fita, ko biron aljihunsa bai gyara ba.

Ranar kuwa ranar askin Baba Mai Agogo ce. Ya yi tunanin ya fasa, amma ƙafarsa ta saba. Ya biya shago ya ɗauki kayan aski, ya isa gidan da jaka biyu a kafaɗa.

Ɗakin tsohon na nan yadda yake. Gado kusa da taga, bango cike da agoguna da suka tsaya kowanne a lokacin da ya ga dama, sai guda ɗaya da Anti ke murɗawa kullum don kada ɗakin ya yi shiru. Injiniya ya gaishe shi, ya yafa masa tawul, ya kaɗa kumfa, ya fara aiki.

Ya gama kunci ɗaya bai ce komai ba. Ya koma ɗayan.

Tsohon ya bi shi da ido. Can sai ya ɗaga hannun hagu ya bugi ƙarfen gado. Ya sake bugawa. Anti ta shigo da sauri tana goge hannu.

"Baba, lafiya?" Ta kalli mahaifinta, ta kalli mai aski. "Kawu, kai ne ba lafiya? Tun da ka shigo ban ji jirgi ko ɗaya ya tashi ba."

"Lafiya lau, 'yata."

Tsohon ya miƙa yatsa ya nuna jakar da ke jingine da ƙafar kujera, wadda zif ɗinta ya ƙi rufuwa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon abin da ya lalace ba a ɓoye masa irin wannan.

Injiniya ya ajiye reza. Ya kalli agogunan bango kamar ɗaya daga cikinsu zai kawo masa ɗauki. Akwai labarai da yawa a bakinsa, kowanne a shirye. Amma duk wanda ya ɗauko sai ya ga Auta tana ninke riga.

"'Yata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "gobe ne gwajin ƙanwarki. Na sayo mata wannan abin, na lalata shi. Ban san yadda ake gyara shi ba. Ban san komai a kansa ba. Ki taimake ni."

Anti ta zaro kwamfutar. Tana ganin cikin ta daina murmushi.

"Kawu, a ina ta kwana?"

"A falo."

"Allah ya tsare ku. Wannan batirin wuta yake jira ya kama. Me ya same shi?"

Ya faɗa mata. Rufi, rana, tsumma, komai. Bai ƙara ko gishiri ba. Yana cikin bayani ya ji gado na motsi. Kafaɗar tsohon ce take rawa, hawaye na bin kumfar da ta rage a haɓarsa. Duk jiragen da Injiniya ya gyara a ɗakin nan, babu wanda ya ba tsohon dariya kamar gaskiyar yau.

"Firiza fa?" Anti ta tambaya. "Don na san masu shanyawa su ne masu sakawa a firiza."

"Maman Auta ta hana."

"To ka je ka gode mata. Da ruwa ya shiga ciki, da yanzu sai dai mu yi mata addu'a."

Ta fitar da kwamfutar baranda, daidai tagar mahaifinta, ta kifa ta a kan tebur. Sai ta tsaya. Kayan aikinta suna ofis, ƙusoshin nan kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar gero.

Ƙarfen gado ya sake ƙara. Tsohon na nuna durowar ƙasa ta kabad. Injiniya ya jawo ta, ya samu wani tsohon gwangwani, a ciki ga sukundirebobin gyaran agogo a jere cikin ƙyalle, sirara kamar allura. Ya kawo masa. Tsohon ya bi su da yatsun hagu, ya zaro ɗaya ya miƙa ta taga.

Ya shiga kan ƙusar kamar don ita aka ƙera shi.

Anti ta buɗe bayan kwamfutar a hankali, ta cire wata 'yar waya, ta ɗago batirin da ya koma kamar ƙaramin matashin kai. Ta sa Injiniya ya ciko bokiti da yashi, ta kwantar da shi a ciki, aka kai can ƙarshen tsakar gida nesa da komai, kafin ta kai shi inda ake karɓar irinsu.

"Kawu, batirin rediyo daban, wannan daban. Wannan babu abin da ya tsana kamar zafi. Kuma in za ka sayi ta hannu, abu na farko ka sa a zare caja, ka kunna bidiyo, ka tsaya kana kallon yadda cajin ke sauka. Mai gaskiya ba zai hana ka ba."

"Haka Auta ta ce a yi," in ji shi.

"To ka ga."

Ta jona kwamfutar babu batir, ta tashi lafiya. Ta duba nan ta duba can, ta gyaɗa kai.

"Ita kanta kwamfutar ba ta da laifi. Mai ƙarfi ce, za ta yi shekaru. Ka yi sa'a."

Injiniya ya ji wani abu ya taso masa daga ciki, wani bayani game da nauyi da ƙamshi. Ya haɗiye shi da ƙyar.

Anti ta kira wani abokin aikinta da ya san inda ake samun batir na gaske. Kafin rana ta faɗi mai babur ya kawo. Ta saka, ta ɗaure, ta yi caji, sannan a gaban idonsa ta zare waya ta kunna bidiyo. Suka zauna suna kallo. Injiniya bai san abin da ake yi a bidiyon ba, alamar batir kawai yake kallo kamar mai gadin jariri. Ta ƙi sauka sai a hankali.

Ya sa hannu a aljihu. Anti ta riƙe hannun.

"Kawu, kada ka ɓata mini rai."

"'Yata, ai batirin ba kyauta aka ba ki ba."

"Tun da Baba ya kwanta, 'yan uwa sun zo sun gaji, abokai sun zo sun gaji. Kai ne ba ka gaji ba. Duk mako ina tsayawa a ƙofar can in ga yana dariya, sai in samu ƙarfin da zan kai wani makon. Na daɗe ina neman abin da zan yi maka ban samu ba, don kai komai ka iya." Ta yi murmushi. "Yau da Allah ya kawo abin da ba ka iya ba, ka bar ni in ji daɗina."

Injiniya ya juya yana gyara zaman tawul a jaka, ya daɗe yana gyarawa.

Da safe Auta ta zo cikin rigar nan, an sake goge ta. Anti ta ce a falonsu za a yi, ya fi shiru. Aka rufe mata ƙofa. Injiniya da Maman Auta suka zauna a baranda, tsohon na kallonsu ta taga. Ana jin muryar Auta sama-sama tana amsa tambayoyi.

Ana tsaka da haka fankar baranda ta yi wani ƙugi ta fara rage gudu.

An ɗauke wuta.

Injiniya ya miƙe tsaye. Maman Auta ta damƙe gefen rigarsa. Agogon nan guda ɗaya na ɗakin tsohon ne kawai ke tafiya.

Sai muryar Auta ta ci gaba, a natse, har da 'yar dariya, tana cewa wani ya maimaita tambayar.

Injiniya ya koma ya zauna a hankali. Ya kalli matarsa.

"Maman Auta, na gode da kika hana ni firiza."

"Maimaita, ban ji ba."

"Kin ji."

Ba a daɗe ba saƙo ya zo, an ɗauki Auta aiki.

Ranar aski ta gaba gidan Baba Mai Agogo ya cika. Maman Auta ta yi girki ta kawo, Auta ta durƙusa gaban gadon tsohon ta yi godiya, ta rungume Anti har suka yi kuka tare. 'Yan bencin shago ma sun biyo ƙamshi sun zo taya murna.

Injiniya ya yafa wa tsohon tawul, ya kaɗa kumfa. Ya ga ɗaki cike da kunnuwa. Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan, ya yi ƙoƙari har ya gama kunci ɗaya.

"Ai ni tun a kasuwa na san batirin nan ba shi da rai," ya fara. "Ina sansanawa na ji. Injin nake so, shi ya sa na yi shiru na karya farashi. Da na zo gida sai na sa shi a rana da gangan, don ciwon ya fito fili. Sannan na buɗe ta da hannuna, da wani ɗan cokalin shayi, irin wanda na yi wa jirgin nan aiki da shi..."

"Ƙar... ya."

Kowa ya waiga yana neman wanda ya yi magana. Muryar a dishe take, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Baba Mai Agogo ne, kumfa a haɓa, idonsa a kan Injiniya.

"Ƙarya... ne."

Farantin da ke hannun Anti ya faɗi. Ta durƙusa a gefen gado ta riƙe hannun mahaifinta. "Baba! Baba, ka yi magana! Ka sake faɗa!"

Maman Auta na salati, Auta na kuka da dariya a haɗe, 'yan benci na tafi. Injiniya ya tsaya da reza a sama, hawaye na zuba a kan rigarsa mai biro biyu. An ƙaryata shi a gaban jama'a sau da yawa a rayuwa, bai taɓa jin daɗin da ya ji yau ba.

Ya share ido da gefen tawul, ya gyara murya, ya juya ga jama'a.

"To kun gani da idonku. Likitoci sun yi sun gaji. Wa ya gyara masa magana?"

Kafaɗar tsohon ta kama rawa. Ya ja numfashi, ya tattara ƙarfinsa, wannan karon ta fito sarai babu gargada.

"Ƙarya."

Darasi: Cewa "ban sani ba" ba ya rage wa mutum tsawo, amma ƙin faɗarsa yana iya jawo wa na kusa da kai asarar da ba su ji ba ba su gani ba. In abu ya fi ƙarfinka, tambayi wanda ya sani, ko da kai ka yi masa askin farko. Kuma alherin da kake yi wa wanda ba zai iya biyanka ba yana nan a ajiye, ranar da bakinka ya ƙare shi zai yi maka magana. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman injiniyan gidanku, kafin ya jingina tsani.